Katsina Ba Ta da Kogi, Amma Tana da Rabo a Kwara

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san ba garin ruwa ba ne. Damina wata huɗu ce in ta yi albarka, daga nan sai hunturu da bazara, rafuka su koma rairayi, kududdufai su ƙafe. Yaro zai tashi a Rafindadi ko Yarinci ko Unguwar Alƙali, ya girma har ya yi iyali, bai taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba. Shi ya sa in aka tayar da zancen doguwar tafiya a jirgin ruwa, irin ta kwanaki da makonni, ana bin kogi har a faɗa teku, Bakatsine sai ya ɗauka magana ce ta mutanen Yawuri ko Nufawa ko mazauna Ikko. Wannan ɗauka kuskure ce, kuma tana jawo mana asara, domin abin da mutum ya ɗauka ba nasa ba ne ba ya tambayar yadda aka yi da shi.

A fara da ruwan kansa. Ruwan saman da ke zuba a yammacin birni, wajen Batsari da Jibiya, yana taruwa a kogin Gada. Madatsar Jibiya ta tare wani, saura ya tsallaka iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, ya yi gwiwa a cikin Nijar, ya dawo Najeriya ya shiga Rima. Na wajen Dutsin-ma yana bin Karaduwa, ya ratsa madatsar Zobe, ya faɗa Bunsuru, shi ma Rima ya dosa. Kogin Sakkwato kuwa daga kusa da Funtuwa ya faro. Duk su haɗu a kusa da birnin Shehu, su wuce Argungu da Birnin Kabi, su zube cikin Kwara. Daga nan sai Yawuri, tafkin Kainji, Jabba, Lakwaja inda Binuwai ke shigowa, Anaca, har bakin teku. Kogin da ya taso daga tsaunukan Gini ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya kai Atilantika, ƙasar Katsina na cikin masu ciyar da shi kowace damina.

Ranar fito

A ƙarni na 18 Katsina ce uwar kasuwancin ƙasar Hausa, Kano ba ta sha gabanta ba sai bayan jihadi. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin arziki a lokacin ita ce ta Gwanja. Ayari kan tashi da kanwa da jar fata da tufafin saƙi da gabu, ya ratsa Zamfara da Kabi, ya tsallake Kwara a Yawuri ko Ilo ko Busa, ya bi ta Bargu har Salaga, ya dawo da goro. Zuwa da dawowa kan ci watanni masu yawa, wani zubin shekara guda.

A duk wannan tafiya babu ranar da ta fi ɗaga hankalin madugu kamar ranar fito. Ɗan fashi ana iya kare shi da kwari da baka, amma kogi ba ya jin wannan. Sai an zauna da sarkin jirgi an yanke kuɗin fito, a sauke kaya daga bayan jakuna a jera cikin kwale-kwale, a ɗaura wa dabbobi igiya su yi iyo a gefen jirgi, matuƙi na tsaye da gwangwala yana karanta ruwa. Babban ayari kan kwana yana fito bai gama ba. Bakatsinen da ya mallaki dukiyar bai iya ko iyo ba, rayuwarsa da jarinsa duk suna hannun mutumin da yarensu ma ba ɗaya ba. Amana ce ta riƙe wannan ciniki ƙarni bayan ƙarni.

Su kuwa mutanen ruwan, tafiyarsu ba ta tsaya a tsallakarwa ba. Sarkawa da Gungawa na yankin Yawuri, Kyadya na ƙasar Nufe ƙarƙashin sarkinsu Kuta, da Kakanda a can ƙasa, su ne ke da doguwar tafiya ta gaskiya. Suna da manyan jirage masu rumfa, da murhu a ciki, iyali na kwana suna tashi a kan ruwa, ana kai kanwar Arewa kudu, ana hawo da gishiri da kayan bakin teku. Kowane yanki na kogin akwai masu shi, kowane kuma da harajinsa da dokarsa.

Abin da Turawa suka mutu suna nema

Abin da waɗannan mutane suka sani tun kaka da kakanni shi ne Turawa suka shafe shekaru suna mutuwa a kan nemansa: ina Kwara ke zuba? Mungo Park ya tashi daga Sansandin, a ƙasar Mali ta yau, a watan Nuwamba 1805, cikin jirgin da aka haɗa da kwale-kwale. Ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,500, ya wuce Yawuri, ruwa ya ci shi a duwatsun Busa a farkon 1806. Kyaftin Clapperton ya je Sakkwato a 1824 yana yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tambaya a kan kogin, ya biyo ta Katsina a hanyarsa ta komawa. Da ya sake dawowa, a Sakkwato ya rasu a 1827. Baransa Richard Lander ne, tare da ƙanensa John, suka shiga kwale-kwale a 1830, suka gangara daga yankin Yawuri da Busa har suka fita teku a watan Nuwamba na shekarar.

Wani matafiyin, Barth, wanda ya sauka Katsina a 1851 ya kuma dawo a 1853, ayarinsu har jirgin ruwa ya ɗauko. An ƙera shi a tsibirin Malta, aka rarraba shi gida-gida aka ɗora wa raƙuma, aka ratsa Sahara da shi, abokin tafiyarsa Overweg ya harhaɗa shi ya shiga tafkin Cadi. Mutanen da suka ja jirgi a bayan raƙumi cikin hamada sun san abin da suke nema. Sun gane cewa wanda ya riƙe ruwa shi zai riƙe kasuwa.

Zazzaɓi ne ya daɗe yana tare musu hanya. Ayarin jirage masu tururi na 1841 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan da ke ciki. A 1854 Dakta Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, kowa na shan kwinin kullum, aka je aka dawo ba a binne kowa ba. Daga nan ƙofa ta buɗe. Lakwaja ta zama sansani, kamfanin Royal Niger ya samu izinin mulki a 1886, kuma a Lakwajan ne Lugard ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairu 1900. Ta kogi aka shigo mana. Layin dogo na farko da ya iso Kano a 1911 ma daga Baro aka faro shi, wani ƙauye a bakin Kwara, domin nan ne jirage ke iya sauke ƙarafa da injuna. Dabarar ita ce gyaɗa da auduga da fatun Arewa su sauka Baro a jirgin ƙasa, jirgin ruwa ya ƙarasa da su teku. Mai karatu ya riƙe sunan Baro, za mu dawo kansa.

Tafiyar Dikko

Bakatsinen da tafiyarsa ta ruwa ta fi shahara shi ne Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. A 1921 ya ƙudura niyyar aikin Hajji, kuma shi ake lissafawa sarki mai ci na farko a Arewa da ya sauke farali a zamanin Turawa. Bai bi hanyar gabas da kowa ya sani ba. Kudu ya yi, a jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar, sannan ya biyo ta Bahar Rum da mashigin Suwez ya sauka Jidda.

Yana da kyau a tsaya a auna abin da wannan ke nufi ga mutumin da ya tashi a ƙasar da rijiya ce babban ruwa. Jiragen kamfanin Elder Dempster kan yi kimanin mako biyu tsakanin Ikko da Libaful, suna bin gaɓar Afirka ta Yamma, suna tsayawa Ankara da Sakandi da Firitawun, sannan su yanki teku ta tsibiran Kanari. A wancan lokaci Ankara ba ta da tashar da babban jirgi zai jingina. Nesa da gaɓa yake tsayawa, a sauke fasinja cikin wata kujera da ake zurawa da igiya zuwa ƙananan jirage, majiya ƙarfi su tuƙa su cikin igiyar ruwa har tudu. Ga jiri da amai na kwanakin farko, ga lissafin alƙibla da ke sauyawa duk sanda jirgi ya karkata, ga alwala da ruwan da ake aunawa, ga sanyin da ke ƙaruwa kullum ana yin arewa. Sarki da 'yan rakiyarsa sun ɗauki duk wannan, kuma bai tsaya a tafiya ɗaya ba, ya sake komawa Ingila a shekarun da suka biyo baya. Masanin tarihi Moses Ochonu ya bi diddigin waɗannan tafiye-tafiye a littafinsa Emirs in London na 2022, inda ya nuna cewa Dikko da ido biyu ya je, yana duba abin da zai amfani ƙasarsa.

Talakawa kuwa gabas suka ci gaba da bi, a ƙafa da jaki, ta Barno da Wadai da Darfur, suna tsayawa noma da ƙwadago a hanya, wasu shekara biyar, wasu har abada. Waɗanda suka kai Sawakin sai su shiga jiragen katako masu filafilan iska su tsallake Bahar Maliya. Da yawa daga cikin Hausawan Sudan na yau jikokin waɗannan matafiya ne. 'Yan kasuwa ma sun gano teku da wuri. Alhasan Ɗantata na cikin na farko da suka bar hanyar jakuna, suka riƙa ɗora goro a jirgi daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko. Haka Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, ya je Ingila cikin ayarin 'yan jarida a 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Jirgin sama ne ya rufe wannan babi. Jirgin fasinja na ƙarshe a layin Ikko da Ingila, Aureol, ya daina aiki a 1974.

Yadda wasu suka riƙe nasu

A wasu ƙasashe doguwar tafiyar ruwa ba ta mutu ba, sai ma ta zama abin sha'awa. A Amurka akwai wata da'ira ta kusan kilomita 9,700 da mutane ke zagayawa da ƙananan jiragensu: su bi gaɓar gabas, su hau kogin Hudson, su shiga manyan tafkuna, su fito ta Cikago, su gangara ta Misisipi da Tenesi zuwa tekun Meksiko, su kewayo Fulorida. Yawanci shekara guda ake yi, kuma da yawansu dattawa ne da suka yi ritaya, miji da mata su kaɗai. Ba jarumta ce ta sa suke iyawa ba. An auna zurfin ruwan an zana taswira, an dasa alamomi masu nuna hanya, inda madatsa ta tare kogi an yi ƙofar da ke ɗaga jirgi ta sauke shi, akwai wurin shan mai da wurin kwana, in an yi kira akwai mai zuwa ceto. A Masar ma jirage na ɗaukar baƙi kwana uku ko huɗu tsakanin Luksor da Aswan, dubban iyalai na ci daga nan.

Kusa da mu, Mali ta daɗe tana da manyan jiragen fasinja da ke tashi daga Kulikoro, su bi ta Segu da Mopti da tashar Tumbutu har Gawo, idan ruwa ya cika bayan damina. Sai dai a ranar 7 ga Satumba 2023 'yan bindiga suka buɗe wa jirgin Tombouctou wuta, mutane da dama suka rasu. Mu da muka san abin da rashin tsaro ya yi wa hanyar Jibiya da Batsari ba ma buƙatar a yi mana bayanin yadda hanya ke mutuwa.

Namu kogin ba ya rasa abin kallo. Akwai tsibiran Yawuri da dorinar ruwa, akwai bikin Rigata da ake tseren jirage, akwai faɗin Kainji, dutsen da ke tsakiyar ruwa a Jabba, da mahaɗar Kwara da Binuwai da ake hangowa daga saman dutsen Patti a Lakwaja. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Amma zancen yawon shaƙatawa a Kwara yanzu gaggawa ce, domin waɗanda tilas ta sa suke hawan kogin ma ba su tsira ba.

Waɗanda aka bar wa kogin

Yau talaka aka bar wa ruwa. Manyan jiragen katako masu inji na nan suna zirga-zirga tsakanin kasuwannin Yawuri da Warra da Malale, wasu har Gaya a Nijar, ɗauke da buhunan hatsi da albasa da babura da shanu da mutane a saman kaya. Suna bin ruwa ne don babu hanyar mota, ko ta lalace, ko 'yan bindiga sun tare ta.

A ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Warra, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kabi, kaɗan ne suka fita. A watan Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. A ƙarshen Nuwamba 2021, a Bagwai ta jihar Kano, jirgi ya kife da 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi, aƙalla 29 suka riga mu gidan gaskiya. Kada Bakatsine ya ce abin na nesa ne: a watan Mayu 2022, cikin hidimar ƙaramar Salla, kwale-kwale ya kife a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, aƙalla mutum 15 suka rasu, mafi yawansu yara.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne, kowane mai jirgi ya san su. Lodi ya wuce ƙima, domin kuɗin mai ya hau kuma kowane kai kuɗi ne. Katako ya tsufa, ana toshe ɓaraka da tsumma ana kwarfe ruwa da roba. Ana tafiyar dare ba fitila. A tafkin Kainji, wanda ya cika bayan kammala madatsar a 1968 ya haɗiye tsohuwar Busa, har yau akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa suna jiran cikin jirgi. Rigar kariya kuwa, in ma akwai, ba ta kai yawan fasinja ba, wasu kuma ƙin sawa suke yi. In abu ya faru sai a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne ajali ba ya wuce lokacinsa, amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, kuma wanda ya ɗora mutum 150 a jirgin mutum 60 yana da abin da zai amsa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya. Dokar na nan a takarda, mashigan ruwa kuwa sun fi ma'aikatanta yawa nesa ba kusa ba.

Alkawarin 'ya'yan Katsina biyu

Wani abin da ya kamata ya tsaya wa Bakatsine a rai shi ne, manyan yunƙuri biyu na farfaɗo da Kwara a zamaninmu duk 'ya'yan jihar nan ne suka yi su. A watan Satumba 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya je Lakwaja ya ƙaddamar da aikin yashe kogin, kilomita 572 daga Warri zuwa Baro, a kan kuɗi kimanin naira biliyan 36. Allah bai ba shi ganin ƙarshen aikin ba, ya rasu a watan Mayu 2010. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Baro da kansa ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa da ta ci kusan naira biliyan 6.

Shekaru sun shuɗe bayan bikin, tashar na zaune ba jirgi. Hanyar motar da ta taso daga Agaie ta bi Katcha zuwa Baro ba a gama ta a kan lokaci ba, tsohon layin dogon da ya haɗa Baro da Minna ya daɗe da mutuwa, yashi kuma ba ya jiran kowa: kogin da aka yashe sau ɗaya aka bari, kowace damina sai ta mayar da abin da aka kwashe. Madatsun Kainji da Jabba duk an gina su da ƙofar wucewar jirage, amma da wuya ka ji an ce jirgin kaya ya bi ta ciki.

Lissafin a fili yake. Jirgin dakon kaya guda mai ɗaukar tan 1,000 ya ɗauke wa tirela fiye da 30 aiki. Duk buhun taki da siminti da ƙarfen gini da ke isowa Katsina daga bakin teku a bayan tirela yake zuwa, ana biyan dizal da gyaran mota da kuɗin shingaye, mai saye a Babbar Kasuwa shi ke ɗaukar nauyin duka. Yanzu ga tashar tsandauri an buɗe a Funtuwa a 2024, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai ratsa Katsina da Jibiya, da aka aza harsashinsa a 2021. Idan waɗannan suka haɗu da Baro mai aiki, auduga da riɗi da waken suya da fatun Katsina sun samu hanya ta biyu zuwa teku, mai sauƙin kuɗi, har maƙwabtanmu na Maraɗi su amfana. Idan ba su haɗu ba, an kashe biliyoyi an gina rabin hanya.

Saboda haka kiran nan na sanatocinmu ne da 'yan majalisar wakilai da ƙungiyar 'yan kasuwa ta jihar Katsina: su ɗauki maganar Baro tasu ce, su riƙa tambayar ma'aikatar harkokin ruwa da NIWA a bainar jama'a yaushe za a gama hanya, yaushe za a maido da layin dogo, nawa aka ware don yashe kogi a kasafin bana. Gwamnatin jiha kuma tana da nata aikin a gida, wanda ba sai ta jira Abuja ba. A rubuta sunan kowane mai jirgi a Jibiya da Zobe da Sabke da Ajiwa da Mairuwa, a rubuta a jikin kowane jirgi adadin mutanen da zai ɗauka, a ajiye rigunan kariya a hannun sarkin ruwa, a sa mai tsaro a bakin ruwa ranakun kasuwa da ranakun Salla. Iyaye kuma, duk jirgin da ba shi da rigar kariya kada ku bari ɗanku ya hau.